Zama da sayen gona a ƙauyen Batak: amsa ga mai shirin zuwa tafkin Toba

Wani ɗan'uwa da ke karatu a Malesiya ya aiko da tambaya. Abokin karatunsa, ɗan ƙabilar Batak daga tsibirin Sumatra na ƙasar Indonesiya, ya gayyace shi ƙauyensu da ke gefen tafkin Toba. Ya kuma gaya masa akwai gonar kofi da fadamar shinkafa da za a sayar da araha, in yana so ya kawo kuɗi a rubuta takarda da sunan abokin. Yana son sanin yadda zaman ƙauyen yake, ko gonar za ta zama tasa da gaske, da kuma yadda ake zuwa.

Malam, ka amsa gayyatar ka je, domin wuri ne da ya cancanci a gani, mutanensa kuma masu karɓar baƙo ne. Amma kuɗin gonar nan ka bar su a aljihunka. Ba ina tuhumar abokinka ba ne, mai yiwuwa da zuciya ɗaya ya faɗa maka. Abin da ya yi maka tayinsa ne ba ya hannunsa, ko a wajen hukuma ko a wajen danginsa.

Bari mu fara da hukuma, don nata bayanin gajere ne. Dokar filaye ta Indonesiya, mai lamba 5 ta shekarar 1960, ta keɓe cikakkiyar mallaka, wadda suke kira hak milik, ga 'yan ƙasa kaɗai. Sashe na 26 na dokar ya ce duk cinikin da aka ƙulla don a miƙa wa baƙo irin wannan mallaka, kai tsaye ko ta bayan gida, ya ɓaci, filin ya koma hannun gwamnati, kuɗin da aka biya kuma ba a neman a dawo da su. Sa sunan aboki a takarda shi ne ainihin bayan gidan da dokar take nufi. Ko da kun je gaban lauya kun rubuta cewa kai ne mai kuɗin, wannan rubutun ba zai tsaya maka a kotu ba, hasali ma shi ne shaidar cewa an yi nufin kauce wa doka. Abin da baƙo zai iya samu shi ne haya, ko iznin amfani na wasu shekaru da ake kira hak pakai, shi ma galibi a kan gidan zama ne mai tsada, ba gonar ƙauye ba. Akwai ma wata ƙa'ida tun 1961 da ta hana ɗan ƙasa kansa riƙe gona alhali yana zaune a wajen ƙaramar gundumar da gonar take. Ka ga ke nan shi ma abokin naka, in a birni zai zauna bayan karatu, ba lallai takardar ta zauna masa lafiya ba.

To amma a ƙauyen Batak ba dokar Jakarta ce ke fara magana ba. Al'ada ce, wadda suke kira adat, kuma a nan ne ya kamata ka tsaya ka fahimta sosai.

Batak ba jama'a ɗaya ba ce. Akwai Toba, Karo, Simalungun, Pakpak, Angkola da Mandailing, kowa da harshensa. Tunda ka ce gefen tafki, mafi kusa abokinka ɗan Toba ne, don haka a kansu zan fi tsayawa. Kowane ɗan Toba yana ɗauke da sunan zuriyar ubansa, marga, irin su Simanjuntak, Situmorang, Sinaga, Nainggolan ko Hutabarat. Suna riƙe da salsalarsu kaka da kakanni, har su kai ta ga kakan da suka yi imani shi ne tushensu, Si Raja Batak, wanda suka ce ya zauna a gindin dutsen Pusuk Buhit, yamma da tafkin. 'Yan marga ɗaya ba sa auren juna, ko da ba su taɓa haɗuwa ba. Saboda haka in mutum biyu suka gamu a mota, kafin a yi nisa da hira sai an tambayi marga, sannan kowa ya san da wane suna zai kira ɗan'uwansa da irin girman da zai ba shi.

Ƙauyen, wato huta, wani kaka ne ya sare daji ya kafa shi, kuma zuriyarsa ce ke da ƙasar. Tsohon huta ƙarami ne, gidaje kaɗan, kewaye da ganuwar ƙasa ko ta duwatsu da aka dasa gora a kanta. In ka shiga ta ƙofar za ka tarar da fili dogo a tsakiya, a gefe ɗaya gidajen katako a kan dirkoki, rufinsu ya lanƙwasa a tsakiya ya ɗaga kai a gaba da baya, fuskarsu da sassaƙa mai launi uku, ja da fari da baƙi. A ɗaya gefen rumbunan shinkafa suna fuskantar gidajen. Ana hawa tsani a sunkuya kafin a shiga ɗaki, ƙarƙashin gidan kuma nan dabbobi ke kwana. A filin tsakiya ake shanya shinkafa da kofi a kan tabarma ko leda, a nan mata ke zama da masaƙar da ake ɗaurawa a ƙugu, a nan kuma ake biki da makoki. Yau gidajen bulo da rufin kwano sun yi yawa, amma tsarin bai canja ba: mai gida yana da gininsa, ƙasar da ginin ke kai kuwa ta huta ce.

Zaman jama'a gaba ɗaya a kan ƙafa uku yake, kuma su da kansu suka kwatanta shi da duwatsun murhu uku, dalihan na tolu. Akwai dangin da kuka fito tsatso ɗaya, akwai gidan da suka ba ku mata, wato hula-hula, akwai kuma waɗanda kuka ba mata, wato boru. Ƙa'idar da kowane yaro ya haddace ita ce a girmama hula-hula, a yi taka-tsantsan da 'yan'uwa na jini, a lallaɓa boru. A biki za ka ga babban ma'aikaci da ya zo daga Jakarta ya ɗaura zani yana raba abinci, saboda a wannan gidan shi boru ne, hidima tasa ce. Wani makon a wani bikin shi ne hula-hula, a gaba zai zauna, shi zai yafa wa mutane ulos, mayafin saƙa da ake sa albarka da shi. Na daɗe ina ganin wannan tsari a matsayin abu mafi kyau a zamansu, domin babu wanda ke dawwama a sama, babu kuma wanda ke dawwama a ƙasa.

Gona ma ta wannan hanyar take tafiya. A al'adar Toba 'ya'ya maza ne ke gado. Ɗa in ya yi aure ya ware tukunyarsa, uba yakan yanka masa wani yanki ya fara noma. Gidan iyaye galibi na auta ne. 'Ya mace ba ta cikin masu gado a tsohuwar al'ada, sai dai uba na iya ba ta fadama kyauta lokacin aurenta, abin da ake kira pauseang, kuma ko wannan dangin uban ba sa sakin ido a kanta, ba a son ta fita zuwa hannun bare. A 1961 Kotun Ƙoli ta Indonesiya, a wata shari'a da ta taso daga ƙasar Karo, ta yanke cewa 'ya mace tana da haƙƙin gado daidai da ɗa namiji. Tun daga nan doka ta ce abu ɗaya, dattawan ƙauye da yawa suna kan wani, kuma rigingimun gado da dama a tsakanin nan suke tasowa.

Yanzu dubi gonar da aka yi maka tayi da wannan idon. Ƙauyukan Toba sun daɗe suna tura 'ya'yansu waje. Manomi zai sayar da ɓaunar da yake kiwo, ya jinginar da fadama, don ɗansa ya yi karatu a Medan ko Jakarta, shi ya sa ake samun 'yan Batak da yawa cikin lauyoyi, sojoji, malamai da direbobin manyan motoci a faɗin ƙasar. Sakamakon haka, gonar da kake gani tsoho ɗaya yana nomawa, sau da yawa ta kaka ce da ba a taɓa raba ta ba, magadanta suna warwatse a Batam, Bandung da Kalimantan. Yawancin irin waɗannan gonaki ba su da takardar ofishin filaye na ƙasa, sai dai wasiƙar dagaci ko shaidar dattawa, duk da cewa tun 2017 gwamnati ke ta ƙoƙarin yi wa filaye rajista. Al'ada kuma ta ce mai son sayarwa sai ya fara yi wa 'yan'uwansa tayi kafin bare. In mutum ɗaya ya sayar shi kaɗai da araha, ka sa a ranka akwai waɗanda ba a tambaya ba. Za su zo gida hutun Kirsimeti da sabuwar shekara, lokacin da ƙauyuka ke cika, su tarar da baƙo a gonar kakansu.

Kada ka ɗauka don sun yi nisa sun manta. In kana tafiya a tsibirin Samosir da ke tsakiyar tafkin ko wajen garin Balige, za ka riƙa ganin gine-ginen siminti a tsakiyar gonakin shinkafa, wasu hawa biyu ko uku, an shafe su da fenti mai kyau, a samansu ƙaramin gidan gargajiya ko gicciye, wani lokaci da mutum-mutumin tsoho da matarsa. Kaburburan kakanni ne. Sau da yawa sun fi gidajen masu rai da ke kusa da su kyau, kuma da kuɗin 'yan ci-rani aka gina su. Akwai bikin da ake tono ƙasusuwan kakanni, a wanke, a mayar da su cikin irin wannan gini, zuriya ta taru daga ko'ina, a yanka ɓauna, a yi kwanaki ana kiɗa. Ɗan Toba da ya mutu a birni ma sau da yawa gida ake kawo shi. Ƙasar da kakan mutum ke kwance a cikinta ita ce shaidar ko shi wane ne, don haka rigima a kanta ba ta ƙarewa da biyan kuɗi.

Rigimar ƙasa a yankin ba tsakanin dangi kawai take ba. Gwamnati ta sa dazuzzuka masu yawa cikin gandun dajinta, ta ba kamfanoni izni a kansu, alhali ƙauyuka suna ganin na kakanninsu ne. Mutanen Pandumaan da Sipituhuta a gundumar Humbang Hasundutan sun yi shekaru suna jayayya da wani kamfanin sarrafa itace a kan dajin da suke tatsar ƙaron turare, irin wanda Larabawa suka sa wa suna luban jawi. A 2013 Kotun Tsarin Mulki ta yanke cewa dajin al'ada ba dajin gwamnati ba ne, amma tabbatar da hakan ƙauye bayan ƙauye aiki ne mai tsawo. Gonar kofi da ke kan tudu kusa da daji tana iya faɗawa cikin irin wannan taswira ba tare da mai nomanta ya sani ba.

In noman ne ya ba ka sha'awa, akwai hanyoyin da mutanen wurin suka saba da su. Akwai haya ta shekara. Akwai noman raba-daidai, mai gona ya ba da ƙasa, mai aiki ya noma, a raba amfani. Akwai jingina, wadda suke kira dondon, amma ita ban ba ka shawara ba, saboda wata doka ta 1960 ta ce gonar da ta shekara 7 a hannun mai jingina a mayar wa mai ita ba tare da fansa ba. Abin da ya fi dacewa da baƙo shi ne ciniki, ba ƙasa ba: ka sayi amfanin gona a hannun manoma ko ƙungiyarsu. Shi ma sai da takardun da suka dace, don bizar ziyara ba ta ba ka damar aiki ko kasuwanci.

Kofin yankin ya cancanci a yi maganarsa. Ana noma nau'in arabika a tuddai sama da mita 1,000, kuma sunayen Lintong, Sidikalang da Mandailing sanannu ne a kasuwar duniya. Gonakin ƙanana ne, na iyali. Ana tsinko jajayen 'ya'yan da hannu, a bare su da ƙaramin inji na juyawa a bayan gida, a bar su su kwana, a wanke, a ɗan shanya, sannan a kai kasuwa tun da sauran danshi. Dillali ne ke cire ɓawon ciki ya ƙarasa busarwa, kuma wannan hanyar ce ke ba kofin Sumatra launinsa da ɗanɗanonsa. Ka lura da kyau a nan: manomi yana sayarwa da wuri ne don yana bukatar kuɗin mako, ribar kuma tana gaba, wajen wanda ya busar ya tace. Mai son shiga harkar da gaskiya a wannan gaɓar zai duba.

Shinkafa ita ce abinci safe da rana da dare. A bakin tafki da kwaruruka ana noman ta a fadamu masu hawa-hawa, a Samosir kuma inda ƙasa ke da duwatsu ana haɗawa da albasa, masara, gyaɗa da barkono. Gayya tana nan da ranta, suna kiranta marsiadapari, yau a gonar wannan gobe a ta wancan. Ƙaramin injin huɗa na turawa ya karɓe yawancin aikin ɓauna, amma ɓauna tana nan a matsayin dukiya da dabbar manyan bukukuwa. A cikin tafkin ana kiwon karfasa a keji, abin da ya jawo muhawara mai zafi kan gurɓatar ruwa. Wanda ya zauna mako guda zai gane cewa mata ne ƙashin bayan wannan noma: su ne a gona tun da sassafe, su ne a kasuwa, su ne da dabbobi. Kasuwa mako-mako take ci, ta Pangururan ran Laraba, ta Balige ran Juma'a, kuma a ranar ne ƙauye ke samun kuɗi da labari.

In kai Musulmi ne, ga abin da za ka shirya masa. Toba galibinsu Kirista ne. Ɗan mishan Bajamushe Ludwig Nommensen ya shiga kwarin Silindung a 1864 ya zauna cikinsu har rasuwarsa a 1918, cocinsu da ake kira HKBP mai hedikwata a Tarutung kuma na cikin manyan cocin Furotesta a nahiyar Asiya. Ana kiwon alade a ƙauye, ana cin sa a biki, wasu na cin kare. A bakin hanya in ka ga an rubuta B2 ko BPK, naman alade ne, B1 kuma na kare. Da yamma maza na taruwa a rumfar da ake kira lapo, ana shan bammi, ana waƙa da jita, ana dara. Ka nemi gidajen abincin da aka rubuta Muslim, Minang ko Padang a jikinsu. Masallatai akwai a garuruwa irin su Parapat, Balige da Pangururan, amma a ƙauye da wuya. Ka gaya wa masu masaukinka tun ranar farko abin da ba ka ci, ba za su ji haushi ba, domin suna da dangi Musulmi, kuma a bukukuwansu akan ware abinci dabam ga waɗanda ba sa cin alade, ana kiran su parsubang. Kifi, ƙwai da ganye ba sa yankewa. In kana son ƙauyen da za ka ji kiran salla, sai ka gangara kudu zuwa Angkola da Mandailing, inda Musulunci ya kafu tun ƙarni na 19, inda kuma makarantar Musthafawiyah ta Purba Baru, wadda aka kafa a 1912, ke tara dubban ɗalibai.

Gaisuwarsu Horas ce. Dattijo ka ce masa amang, dattijuwa inang, tsoho sosai ompung, namiji sa'anka lae. Kada ka kira magidanci da sunan yanka, da sunan ɗansa na fari ake kiransa. Suna magana da ƙarfi kuma ba sa kwana-kwana, kada ka ɗauka faɗa ne.

Tafiyar ba ta da wuya daga inda kake. Daga Kuala Lumpur ko Penang zuwa filin jirgin Kualanamu na Medan kusan awa ɗaya ne. Daga nan mota za ta bi ta Tebing Tinggi da Pematangsiantar zuwa Parapat a bakin tafki, wajen awa huɗu. Akwai kuma filin jirgin Silangit kusa da Siborongborong, wanda ya fi kusa in ƙauyen yana wajen Balige ko Lintong. Tafkin kansa ramin wani dutse ne da ya yi aman wuta kimanin shekara 74,000 da suka wuce. Tsawonsa ya kai kilomita 100, faɗinsa 30, zurfinsa ya haura mita 500, kuma yana kimanin mita 900 sama da teku, don haka dare da sanyi, ka tafi da rigar sanyi. Ana shiga Samosir da jirgin fito mai ɗaukar motoci daga Ajibata ko Tigaras, ko da jiragen katako na fasinja daga Parapat, ko ta ƙasa a bi gangaren Tele a haye gada a Pangururan.

A kan jiragen katakon nan ina roƙonka ka yi hattara. Ranar 18 ga Yuni 2018, a hutun ƙaramar salla, jirgin Sinar Bangun ya taso daga Simanindo zuwa Tigaras da lodin mutane da babura fiye da kima, iska ta taso ya kife, mutum sama da 160 suka salwanta, yawancinsu ba a ga gawarsu ba saboda zurfin ruwan. In ka ga jirgi ya cika, ko yamma ta yi hadari ya haɗu, ka jira na gaba ko ka kwana. Daga babban titi zuwa ƙauye kuwa babur ne ko ƙananan motocin haya, waɗanda suka fi samuwa ranar kasuwa. A hagu ake tuƙi. Watannin ƙarshen shekara ruwa ya fi yawa, hanyoyin tuddai na santsi, ƙasa kuma takan zaftare.

In fasfo ɗin Najeriya gare ka, fara neman biza da wuri. Indonesiya ta daɗe da sa Najeriya cikin ƙasashen da ba a ba 'yan ƙasarsu biza sai an yi tantancewa ta musamman a Jakarta, tare da wanda zai tsaya maka a can, don haka kada ka sayi tikiti kafin ta fito. Kada kuma ka riƙe wa kowa saƙo ko jaka, domin hukuncin safarar ƙwaya a ƙasar yana kaiwa ga kisa. Ka canji isassun rupiya, kuɗin ƙasar, a gari, saboda a ƙauye da tsabar kuɗi ake harka. Ranar da ka isa, ka sa abokinka ya kai ka wajen dagaci da kwafin fasfonka, don ƙa'ida ce baƙon da zai kwana a sanar da zuwansa cikin awa 24. Tsarabar da za ka riƙe wa iyayensa ba sai mai tsada ba, sukari, biskit da ɗan yadi sun isa, kuma ka miƙa wa uwar gidan da hannun dama.